Mai Gashi da Mai Horon Aiki: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Sau da yawa a kan kawo wa Hakimi mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda ya karye a hatsarin mota, ko yaron da shan inna ta bari yana jan gindi, a roƙi takardar da za a kai shi asibitin birni da ita. Malamin Hakimi ya kan rubuta cewa a taimaka a yi masa gashi, shi ke nan. Takardar nan ba ta ɓaci ba, amma ta gaza, domin a manyan asibitoci ma'aikata iri biyu ne su ke karɓar irin wannan majinyaci bayan likita ya yi nasa, kuma kowanne da abin da ya ke nema.

Na farko shi ne wanda jama'a su ka saba kira mai gashi, waɗansu kuwa su ce likitan fisiyo. Sunan nan ya rage masa girma, gama ɗumama gaɓa ƙaramin abu ne cikin aikinsa. Abin da ya sa gaba shi ne motsin jiki: ƙarfin tsoka, da lanƙwasuwar gaɓoɓi, da tsayuwa ba tangaɗi, da tafiya, da rage ciwo. Na biyu ba shi da sunan da ya zauna a bakin Hausawa tukuna, saboda haka za a kira shi mai horon aiki. Kada kalmar aiki ta sa a zaci sana'ar neman kuɗi kaɗai a ke nufi. Ana nufin duk abin da mutum ke yi daga asuba zuwa kwanciya, watau alwala, da sa riga, da cin abinci, da kewayawa, da girki, da zuwa kasuwa, sa'an nan sana'a.

Ba a gida ɗaya a ka haife su ba. Aikin gashi ya taso daga masu tausa na Ingila, waɗanda su ka kafa ƙungiyarsu a 1894. Horon aiki kuwa tushensa yana asibitocin masu taɓin hankali, inda a ka lura cewa majinyacin da a ka ba shi abin yi da hannunsa ya fi natsuwa da wanda a ka bari zaune. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki a Amurka a 1917, kuma sojan da Yaƙin Duniya na Farko ya raunata su ne su ka sa aikin duka biyu ya bunƙasa. A Nijeriya gashi ya soma a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digirinsa a 1966. A Arewa an buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, Jami'ar Bayero kuma tana koyar da gashi. Masu horon aiki dai ba su da yawa a ƙasar nan, yawancin makarantunsu kuma, irin ta Oshodi da sashen da ke jami'ar Ile-Ife, suna Kudu ne.

A ɗauki misalin tela wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Maganin hawan jinin na likita ne, babu ruwan ɗayansu da shi. Mai gashi zai fara da koya masa juyawa a gado da tashi zaune, zai riƙa motsa masa kafaɗa da gwiwa don kada su sandare, sa'an nan ya tsai da shi, ya auna masa sanda daidai tsawonsa, har ya kai ga taka ƙafa. Zai kuma hana iyalinsa ɗaga shi ta hannun da ya shanye, gama kafaɗar da tsokarta ta saki tana iya gocewa, ciwonta kuwa ya kan daɗe.

To, a ce tela ya yi tafiya. A idon maƙwabta ya warke, amma har yanzu sai an sa masa riga, sai an riƙe shi a bayan gida, kekensa kuma yana lulluɓe a zaure. Nan ne wurin mai horon aiki. Shi zai nuna masa cewa hannun da ya shanye shi a ke fara zurawa cikin riga, shi ne kuma na ƙarshen fita. Zai dubi masai, ya ce a ɗora kujera mai rami a bisansa, a kafa turke a gefe don dafawa, tun da tsuguno ya gagara. Zai dubi dokin ƙofa ko ya yi tsawo, da inda a ke ajiye buta. Daga nan ya zaunar da shi gaban keke ya ga ko ƙafar dama za ta iya takawa ita kaɗai, da yadda za a danne yadi tun da hannun hagu ba ya riƙo. Akwai kuma abin da iyali ba su cika ganewa ba: waɗansu masu wannan ciwo su kan manta da gefen hagu ɗungum, su ci tuwon da ke dama a kwano su bar na hagu, su bugi bango da kafaɗa. Ba makanta ba ce, ba kuma ganganci ba. Lahani ne a ƙwaƙwalwa, mai horon aiki kuwa an koya masa gane shi. Tela mai wannan hali bai kamata a ba shi almakashi ba sai an gwada shi.

Iyakar ba ta miƙe kamar ta gona ba. Hannu musamman, kowannensu yana da rabo a ciki, kuma a waɗansu asibitoci a kan yi ja-in-ja a kan wanda zai yi wa majinyaci takalmin hannu mai hana yatsu ƙanƙancewa. Wannan gardama tasu ce, shugaban asibiti ke raba ta. Abin da ya shafi Hakimi shi ne, inda babu mai horon aiki, wanda shi ne halin asibitoci da yawa a Arewa, mai gashi ya kan ɗauki wani yanki na aikin, amma sai an tambaye shi, gama layin da ke ƙofarsa dogo ne. Wanda bai ce komai ba game da masai da keke, motsa jiki kaɗai zai samu ya koma gida.

Ga kuturta kuwa rabon a fili ya ke. Magungunan da a ke haɗawa, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsu tun 1981, suna kashe ƙwayar cutar cikin wata 6 ko 12, amma ba su mai da ji ga jijiyar da ta riga ta mutu. Yatsu ba don cutar tana cinsu su ke gutsurewa ba. Ƙuna ce da rauni da mai su ba ya ji, har su ruɓe. Mai gashi ke koya jiƙa hannu da ƙafa a ruwa, da shafa mai, da miƙar da yatsu. Mai horon aiki ke naɗe ƙotar fartanya da abu mai laushi, ya sa a yi wa tukunya mariƙi, ya hana ɗaukar kofin shayi mai zafi da hannu tsirara. Shan inna ma haka: an tabbatar da kawar da ƙwayarta ta daji daga Afirka a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan a kowace gunduma, masu bukatar a miƙe musu gaɓa, da masu bukatar a daidaita musu keken guragu da teburin makaranta.

Tun 1988 akwai doka mai lamba 38 wadda ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan nan duka biyu rajista. Saboda haka in wani ya zo gunduma zai buɗe gidan gashi, daidai ne Hakimi ya nemi ganin lasisinsa kafin ya sa masa albarka.

Game da takarda, ya kamata Malamin Hakimi ya rubuta ranar da ciwon ya fara, domin yawancin sauƙin shanyewar jiki cikin wata 3 zuwa 6 na farko a ke samunsa, jinkiri kuwa asara ne. Ya faɗi sana'ar majinyaci, da hannun da ya ke aiki da shi, da abin da ya ke yi da kansa a da wanda yanzu ya gagare shi. Ya faɗi irin masai da ke gidan, da nisan masallaci, da wanda ke jinyarsa. In an riga an kai shi wurin maɗori, a faɗa, kada a ɓoye. Mai jinyar nan kuwa shi ya kamata ya raka shi asibiti, ba wani ɗan'uwa da ya fi sanin gari ba, gama shi za a koya wa abin da za a riƙa yi kullum a gida. In sun komo, malam ya karɓi katin asibiti ya rubuta ranar komawa a littafinsa, ya aika wa dagaci ya tuna musu mako guda kafin ranar.