Rijiyar da baƙi ke zuwa gani

Ɗan uwa mai karatu, rijiya nawa ke cikin garinku? Ka taɓa ganin wani ya biya kuɗin mota daga nesa don kawai ya leƙa ɗaya daga cikinsu? To, a Daura akwai irin wannan rijiya. Sunanta Kusugu.

Daura tana cikin jihar Katsina ta Najeriya, kusa da iyakarmu. In ka taso daga Damagaram, ka bi ta Matamai, ka ƙetare iyaka a Ɗan Barto, ba ka jimawa sai ga ka Daura. An gina wa rijiyar ɗaki, ana kula da ita. Ruwanta dai ruwa ne kamar na kowace rijiya. Labarinta shi ke jawo mutane.

Ga abin da tsofaffi ke faɗi. A zamanin da, mata ke sarautar Daura. Wani ƙaton maciji ya tare cikin rijiyar, ba ya barin kowa ya ja ruwa sai ran Juma'a. Wata rana da dare wani baƙo ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Sunansa Bayajida, an ce daga Bagadaza ya fito. Ya roƙi ruwa. Tsohuwa ta ce: "Ɗana, nan garin ba mu samun ruwa sai Juma'a." Ya ce ta dai ba shi guga. Ya tafi, ya zura guga, maciji ya taso, ya sare masa kai da takobi. Da gari ya waye, kowa ya ce shi ya kashe. Amma Bayajida ne kaɗai ke da kan macijin a hannu. Sarauniya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo.

An ce ƴaƴan Bawo su suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. In ka ƙara Biram, Hausa bakwai ke nan. Ka ga labarin ya shafe mu, don bayan jihadin 1804 zuriyar sarakunan Katsina ta zauna Maraɗi, ta Gobir ta zauna Tibiri.

Gaskiya ne haka aka yi? Masana tarihi ba su sami shaidar da ta tabbatar da shi ba. Wasunsu suna ganin labarin yana nuna lokacin da sarauta ta bar hannun mata ta koma hannun maza. Wannan bai hana baƙi zuwa ba. Baƙon da ya zo kuma ba ya komawa da kuɗinsa duka. Ɗan kabu-kabu ya kai shi, mai tuwo ta ciyar da shi, baduku ya sayar masa da jaka, yaron da ya yi masa jagora ya sami na goro.

Sai dai jagoran nan, shi ne abin lura. In ya ga baƙo ya buɗe baki yana saurare, wani sa'i sai ya ƙara gishiri. Yau maciji kamu goma, gobe kamu ashirin! Baƙo mai ilimi in ya gane, ba ya yarda da sauran maganar. Jagora na kirki yana raba "an ce" da "an tabbata". Kashe maciji, an ce. Rijiya kuwa ga ta, kowa na gani.

Mu ma muna da namu. A Damagaram akwai unguwar Birni da fadar sarki da ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina. An tabbata a nan aka kashe kaftin ɗin Faransa Kazamaju a 1898, kuma garin shi ne babban birnin Nijar kafin a koma Yamai a 1926. Amma labaran da ke bakin tsofaffi game da ganuwar da ƙofofinta, wa ya rubuta su?

Kai yanzu ka iya riƙe alƙalami. Cikin makon nan ka je wurin tsohuwa ko tsohon da ya fi kowa shekaru a unguwarku. Ka tambaye shi labarin wani dutse, ko tabki, ko tsohuwar kuka. Ka rubuta yadda ya faɗa, da sunan wurin, kada ka gyara masa. Ka zo da littafinka aji mu karanta tare.