Abokin Iyo: Nazarin Atisayen Ninƙaya na Bibbiyu da na Ƙananan Rukunoni

1.0 Gabatarwa

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2014, an ƙiyasta cewa mutum 372,000 ke rasuwa kowace shekara sakamakon nutsewa a ruwa, kuma koyar da yara iyo na daga cikin matakan da rahoton ya ba da shawara a kai. Bahaushe ya san iyo a matsayin wasan yara a kududdufi da damina, da sana'ar Sarkawa, da kuma gasa a bikin kamun kifi na Argungu. Wannan muƙala ta dubi wani ɓangare daban, wato tsararren atisaye a tafkin ninƙaya na zamani, inda mutum biyu zuwa huɗu ke horo tare. Abin da take son tabbatarwa shi ne, abokin iyo ba ɗan rakiya ba ne. Shi ne ma'aunin hutu, shi ne kuma ido.

2.0 Yawan Mutane da Tsawon Hutu

Tafkunan gasa iri biyu ne: mai tsawon mita 25 da mai mita 50, wanda ake amfani da shi a wasannin Olamfik. Atisayen da ya fi sauƙin tsarawa a cikinsu shi ne na karɓa-karɓa, inda ɗaya ke iyo, saura na jira a bango har ya taɓa.

A ɗauka kowa na cinye mita 50 cikin daƙiƙa 45. Idan mutum biyu ne, kowa zai huta daƙiƙa 45, daidai da aikinsa. Idan uku ne, hutun ya koma 90. Idan huɗu ne, 135. Bambancin ba ƙarami ba ne. Gajeren hutu ba ya barin bugun zuciya ya sauka sosai, don haka juriya yake ginawa. Dogon hutu kuwa yana ba tsoka damar farfaɗowa, ta yadda za a iya sake fita da cikakken ƙarfi, wannan kuma horon sauri ne. Ke nan mai horarwar da ya raba ɗalibai gwargwadon waɗanda suka hallara a ranar ya sauya manufar darasinsa ba tare da ya ankara ba.

Akwai kuma matsalar haɗa gwani da ɗan koyo. A nan lissafin kifewa yake yi: gwani ya gama da wuri ya daɗe yana jira, ɗan koyo ya iso a galabaice, kafin ya mayar da numfashi an dawo masa. Wanda ya fi buƙatar hutu shi ya fi rasa shi. Mafita ita ce a rage wa mai rauni nisa, ya yi mita 25 a madadin 50, ko ya sa takalmin iyo mai faɗi irin ƙafar agwagwa.

Idan kuwa rukunin zai yi iyo lokaci guda a layi ɗaya, akan bar tazarar daƙiƙa biyar tsakani, a riƙa kewayawa ta gefe guda. Na baya yana cin moriyar ruwan da na gaba ya keta, saboda haka jagorancin ma karɓa-karɓa ya kamata a yi.

3.0 Aikin Mai Jira

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mai iyo ba ya ganin ƙugunsa da ya nutse, ko kansa da yake ɗagawa fiye da kima wajen shaƙar iska. Abokinsa na gani. Zai iya ƙirga masa bugun hannu a kowane tsawo, domin ƙaruwar adadin alama ce ta gajiya ta fara ɓata salo. A ra'ayin mai wannan nazari, gyara ɗaya ya isa a kowane zagaye. Wanda aka jero wa kurakurai biyar yana haki ba zai riƙe ko ɗaya ba.

Sai dai haɗuwar da ke kawo ƙwazo ita ke kawo gasar da ba a tsara ba, mafi haɗarinta kuwa ita ce ta daɗewa a kurme, wadda duk wanda ya tashi kusa da kududdufi ya sani. Abin da ke tilasta wa mutum neman numfashi ba ƙarancin iskar oksijin ba ne, taruwar iskar kabon dayoksaid ce a jini. Wanda ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutsa ya fitar da wannan iska, ya jinkirta ƙararrawar jikinsa. Oksijin na iya ƙarewa ya suma a ƙarƙashin ruwa, babu ihu babu mutsu-mutsu. Gwanaye ma na faɗawa wannan tarko, domin su ne ke iya daurewa har zuwa wannan gaɓa.

Saboda haka a haramta wannan gasa tun ranar farko, kuma kada duka 'yan rukuni su nutsa lokaci guda. Mai jira ya tsayar da idonsa kan abokinsa har ya taɓa bango. Idan ya ga alamar matsala, ya fara da kiran mai ceto da miƙa doguwar sanda ko jefa abin da ke yawo a kan ruwa, ko da jarka ce rufaffiya, domin wanda ke nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya matso kusa da shi.