Kacalla a Dausayin Haɗejiya da Nguru

Jama'a, duk wanda ya taɓa bin ruwa tsakanin Haɗejiya da Nguru ya san kacalla. Ciyawa ce mai dogon ganye, ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, kanta kamar zangarniyar gero. Yau ta cinye wurare masu yawa a wannan dausayi, har da inda hukuma ta keɓe domin tsuntsaye, wato gandun Baturiya a Jihar Jigawa da tafkin Dagona a Jihar Yobe. Nan ne agwagin ruwa suke sauka daga Turai kowane hunturu, su tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe. To, agwagwa fili take so a kan ruwa. Inda kacalla ta rufe, ba ta sauka.

Ku sani fa, kacalla ba baƙuwa ba ce. Tun kaka da kakanni akwai ta a gefen tafkuna, ba ta dami kowa ba. Dalili kuwa, a da ruwan kogi yakan malalo da damina ya shafe fadama, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe ta tsattsage, shanu su shiga su tattake. Saiwar kacalla ba ta jure wannan. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai al'amari ya sake. Ambaliya ta rage ƙarfi, ruwa kuma ya zama ana sakinsa har da rani saboda noman rani da shan mutanen Kano. Ruwa marar zurfi, kwance shekara zagaye: abin da kacalla take nema ke nan, ta kuwa samu.

Ɓarnarta ba a kan tsuntsaye kaɗai ta tsaya ba. Takan tare laka da yashi har hanyar ruwa ta toshe, sai ruwan ya fasa ta wani gefe ya ci gonaki da gidaje, su kuwa na ƙasa wajen Gashuwa suna kukan ƙarancinsa. Masunci ba shi da inda zai jefa koma. Jan-baki sun sami makwanci, daga ciki suke tashi su faɗa wa shinkafa da gero. Ga sauro, ga dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya.

Yanzu sai maganar yaƙinta, kuma nan ne mutane da yawa suke wahalar banza. Wani ya cinna mata wuta da rani, ya ga fili baƙi ƙirin, ya koma gida yana murna. Bai san saiwar tana nan lafiya lau cikin laka ba. Kafin wata guda ta tofo kore shar, sheƙar tsuntsaye da ƙwansu kuwa sun riga sun ƙone. Wani kuma maganin feshi yake sayowa a kasuwa. Wannan kam kada ma a fara a ruwan da mutane da dabbobi suke sha, kifi yake hayayyafa.

Ka karya ganyen kacalla ka duba cikinsa. Za ka ga ƙananan ramuka jere, ta nan iska take bi ta sauka har saiwa. Saboda haka in za a yanke ta, a yanke a ƙarƙashin ruwa, yadda ruwa zai shanye kututturen da kamar kamu ɗaya, ya kuma zauna a kansa makonni. Iska ta yanke, saiwa ta ruɓe. Wanda ya sare ta a saman ruwa aski kawai ya yi mata. Lokacin da ya fi kyau shi ne sa'ad da ta fara fid da kai, domin a lokacin saiwar ta ƙarar da abincin da ta tara, irin kuma bai nuna ba balle iska ta kwashe shi. Kai ɗaya yana ɗauke da iri dubun dubata. Abin da aka yanka a jawo shi tudu ya bushe, kada a bar shi ya ƙara toshe hanya. Bayan 'yan makonni a koma a bi wadda ta tofo.

Aiki ne na gayya, da lauje da adda da kwalekwale, dagaci da sarkin ruwa a gaba, ma'aikatan gandu kuma su nuna inda tsuntsaye suke sheƙa don a kauce masa. Busasshiyar ba asara ba ce: ana jinka da asabari da ita, a Sanagal da Muritaniya ma, inda madatsar Diama ta jawo musu irin wannan masifa, gawayin girki suke yi da ita.

Amma a faɗi gaskiya, lauje shi kaɗai ba zai gama da ita ba. Tilas ne Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta zauna da manoma da masunta da makiyaya a tsara sakin ruwa, a bar fadama ta cika da damina, ta kuma bushe da rani ko da na 'yan watanni ne.