Darasi na Tara: Rubutun Bayanin Aiki, Misali Daga Wankin Injin Mota

Gabatarwa

Rubutun bayanin aiki shi ne wanda ake yi domin a nuna wa mai karatu yadda ake gudanar da wani aiki tun daga farkonsa har ƙarshensa, ta yadda zai iya yin sa ba tare da gwani ya tsaya a kansa ba. Ginshiƙin irin wannan rubutu shi ne jerantawa. Sau da yawa ɗalibai kan ɗauki "da farko" da "daga nan" da "bayan haka" a matsayin ado kawai, suna zuba su inda suka ga dama. An zaɓi wankin injin mota a wannan darasi domin aiki ne da kowane mataki nasa yake da dalili, kuma idan aka gabatar da na baya aka jinkirta na gaba, mai mota ne zai biya kuɗin kuskuren.

Abin da ke ɓata injin

Sabiyal tana cikin ƙaramar hukumar Aliero ta Jihar Kebbi, wadda aka ciro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Yankin ya shahara da noman albasa, kuma Jega da ke maƙwabtaka da shi mahaɗa ce ta hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da wadda ta yi kudu ta Maiyama zuwa Yawuri. Motar da ke ɗauko kaya daga gona zuwa kasuwa a irin wannan wuri tana shan ƙurar hunturu da yashin hanyoyin ƙauye. Ita ƙura kaɗai ba ta cika illa ba, sai ta haɗu da baƙin mai da ke tsattsafowa daga injin, ta zama danƙo. Danƙon nan yana ɓoye inda mai ke yoyo, yana cinye robobi a hankali, yana kuma iya kamawa da wuta. Haka kuma ɓawon albasa da ƙaiƙayi sukan toshe ƙofofin lagireto, iska ta kasa wucewa, injin ya riƙa ɗaukar zafi. Saboda haka kanikawa sukan nemi a wanke injin kafin su nemi inda yake yoyo.

Yadda aikin yake tafiya

Da farko sai a kashe mota, a ɗaga murfin injin, a bar shi ya huce har mutum ya iya ɗora hannu a kansa. Injin da ke aiki yakan kai zafin digiri 90 ko kusa da haka a ma'aunin Salshiyas, bututun fitar hayaƙi kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙarfe mai zafi idan ya gamu da ruwan sanyi farat ɗaya yana iya tsagewa. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, musamman ga direban da ya sauke kaya yana gaggawar komawa ya ɗauko wani.

Daga nan sai a cire wayar batir, kuma a nan ne ya dace malami ya daɗe tare da ɗalibansa. Batir yana da kawuna biyu, ɗaya mai alamar tarawa (+), ɗaya mai alamar ɗebewa (−). Mai alamar ɗebewa a haɗe yake da gangar jikin motar gaba ɗaya. Idan aka fara kwance mai alamar tarawa, sifana ta zame ta taɓa jikin mota, wuta za ta yi tartsatsi, tana iya ƙona hannu ko ta fasa batir. Idan kuwa aka fara da mai alamar ɗebewa, an yanke hanyar wutar ke nan. Wajen mayarwa sai a juya jerin: mai tarawa a farko, mai ɗebewa a ƙarshe. Ɗalibin da ya rubuta "a cire wayoyin batir" ya yi shiru bai faɗi ƙarya ba, amma ya bar mai karatunsa cikin haɗari. Farin garin da kan taru a kawunan batir daga ruwan asid yake, ana kuma kashe kaifinsa da ruwan da aka jiƙa kanwa a ciki, a goge da tsohon buroshi, a kiyaye kada ruwan ya shiga cikin batir ɗin.

Bayan haka sai a rufe wuraren da ba su son ruwa da leda, a ɗaure: altaneto, da akwatin fis, da kwayil, da bakin da injin ke shaƙar iska. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ana ƙarawa da kafireto da na'urar da ke raba wuta zuwa fulogai. Motocin zamani suna da ƙaramar kwamfuta mai sarrafa mai da wuta, wadda wasu ke kira ƙwaƙwalwar mota, ita da wayoyinta ba a kusantar su da feshi. Bakin shaƙar iska shi ya fi kowanne muhimmanci. Iska tana matsuwa a cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka idan ya shiga da yawa aka tayar da mota, sandar fistin tana iya lanƙwashewa, aiki ya koma na sauke injin.

Kafin ruwa ya taɓa komai, sai a share busasshiyar ƙura da ganye da buroshi, tun da ƙurar da aka jiƙa laka take zama. Sa'annan a shafa ruwan sabulu ko maganin narkar da maiƙo, a bar shi 'yan mintoci ba tare da ya bushe ba, a cuɗa lungunan. Wasu masu wankin mota sukan yi amfani da fetur domin yana cire maiƙo nan take. Wannan ganganci ne. Tururin fetur yana kamawa da wuta ko da cikin sanyi, daga ɗan tartsatsi ko guntun taba. Kananzir bai kai shi haɗari ba, amma shi ma yana lalata roba da fanbel. Ɗauraya kuwa da ruwa mai sauƙin ƙarfi ake yi. Lagireto daga ɓangaren injin ake fesa shi zuwa waje, domin dattin ya fita ta inda ya shigo, kuma a hankali, saboda siraran ganyayyakinsa suna lanƙwashewa.

Daga ƙarshe sai a goge da tsumma, a bar murfi a buɗe iska ta busar da lunguna, a kwance ledoji duka, a mayar da batir, a tayar da mota ta yi kamar minti 10 a tsaye. Al'adar shafa wa robobi baƙin mai domin su yi ƙyalli ba ta da amfani, ƙura kawai take kirawo. Akwai kuma batun inda ruwan wankin zai tafi. A ƙasar da ake ban ruwan albasa daga fadama da rijiyoyi marasa zurfi, wanke injin a bakin ruwa zuba mai ne a gonar wani.

Harshen gareji

Malamin Hausa zai lura cewa kusan duk sunayen sassan injin na aro ne daga Ingilishi, amma an yi musu kwaskwarima. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, don haka aka cusa wasali a tsakaninsu a fulogi da birki, aka kuma rufe kalmomin da wasali. A fulogi an mayar da p ta zama f. Bakanike ya fi ban sha'awa: an ɗauki gaɓar farko ta kalmar tamkar ɗafa-goshin "ba-" na Bahaushe da Bakano, har aka samar da jam'i kanikawa, da sunan sana'ar, kanikanci.

Ɗalibin da za a tura koyarwa a Aliero ko Jega ko Maiyama zai tarar yara suna magana da karin harshen yamma, inda f kan koma hw ko h. Zai ji hulogi da hwanbel kamar yadda zai ji hura da hwari. Waɗannan ba kurakurai ba ne a baki, kuma bai dace a kunyata yaro a kansu ba. A rubutu ne ake buƙatar ya bi Daidaitacciyar Hausa, kuma kalmomin gareji hanya ce mai sauƙi ta nuna masa bambancin, musamman ga yaran da ke zuwa koyon sana'a bayan an tashi makaranta.

Jinga

Ɗalibi ya ziyarci gareji ko wurin wankin mota mafi kusa, ya nemi izinin mai wurin, ya kalli aiki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ya rubuta bayaninsa cikin kalmomin da ba su wuce 300 ba, ya ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar jerantawa, sa'annan ya zaɓi matakai biyu ya bayyana abin da zai faru idan aka musanya su. Ya kawo sunayen sassa 10 kamar yadda ya ji su a bakin kanikawa, tare da yadda za a rubuta su a Daidaitacciyar Hausa.