Duk Azumi Ina Tuba Daga Caca, Bayan Salla In Koma

Tambaya: Ni tela ne a Kano, da mata da 'ya'ya biyu. Cacar ƙwallo ta waya ta shiga jikina. Duk azumi nakan tuba har da kuka a tahajjud, amma kafin a gama Sitta Shawwal na koma. Kwanaki na ɗauki kuɗin adashin da matata ta ba ni ajiya na zuba, wasa ɗaya ya yanke min tikiti. Har yau ba ta sani ba. Anya ni ba munafuki ba ne? Irina yana gyaruwa kuwa?

Amsa: Yana gyaruwa mana. Wanda laifinsa ya dame shi har ya rubuto, da sauran imani a zuciyarsa. Amma ba zan lallashe ka ba, don matsalarka ba ƙarancin kuka ba ce.

Dubi yadda shekararka take tafiya. A azumi ɗinkin Salla ya yi maka yawa, kana kan keke har sahur, ba ka da sukunin duba waya. Da an sauko daga idi shago ya yi tsit, kuɗin ɗinki na aljihu, ga majalisa tana jira. A 'yan shekarun nan ma ƙaramar Salla kan zo daidai lokacin da gasar Zakarun Turai ta ɗau zafi. To, aiki ne yake tsare ka a azumi, kai kuma kana zaton tuba ce ta kama. Tubar da ta bar manhajar caca a waya, ta bar abokai yadda suke, ba ta taɓa komai ba tukuna.

Maganar "wasa ɗaya ya yanke min" kuwa, duk ɗan caca ya san ta, kuma ita ce igiyar da ake jan ku da ita. Mu yi lissafi. A ce ka haɗa wasanni 10, kowanne yana da damar kashi 70 cikin 100 na faɗowa yadda ka zaɓa. Damar su faɗo duka ba ta kai 3 cikin 100 ba. Saura kaɗan ɗin da kake gani ba alamar ka kusa ba ce. Haka aka gina abin, don ka dawo gobe. Aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ta bayyana abin da Shaiɗan ke nema da giya da caca: ya haddasa gaba, ya shagaltar da mutum daga salla. Ka tambayi kanka Asuba nawa ta wuce ka saboda wasan dare.

Yanzu ga mai wuyar. Malamai, ciki har da Imam Nawawi a Riyadus Salihin, sun ce sharuɗɗan tuba uku ne: barin laifin, nadama, da ƙudurin rashin komawa. Idan da haƙƙin wani a ciki sai na huɗu ya shigo, wato mayar da haƙƙin ko neman yafiya. Kuɗin uwargida amana ce, tahajjud ba ya biyan ta. Na san abin da zuciyarka ke raya maka: bari in buga sau ɗaya in ci, in mayar kafin ta tambaya. Wannan tunanin ya ci gidaje da filaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zaunar da ita ka faɗa mata adadin, ba ragi.

Ka tuna Ka'abu bn Malik. Bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira, alhali yana da lafiya da abin hawa. Da Annabi (SAW) ya dawo, mutum tamanin da 'yan kai suka kawo uzuri, aka karɓi zahirinsu. Ka'abu, wanda Allah ya hore wa iya magana, ya ce ba shi da uzuri. Shi da Murara bn Rabi'u da Hilalu bn Umayya aka ƙaurace musu kwana 50, ya yi wa ɗan baffansa Abu Ƙatada sallama ta kan katangar gona bai amsa ba, kafin karɓar tubarsu ta sauka a Suratut Tauba. Gaskiyarsa ta fara jawo masa wuya kafin ta fitar da shi. Kai ma kada ka sa ran uwargida ta yi maka murmushi a daren farko. Tana iya kuka, tana iya kai ƙara wurin iyaye. Haƙƙinta ne, ka daure, kada ka ɗaga murya don kare girma. Girman maigida a nan shi ne ya ce "ni na yi" ya tsaya a kai.

Sauran kuma aiki ne. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma naka shagon yana aljihunka, kai kaɗai za ka rufe shi. Goge manhajar, in ta kama ka koma ƙaramar waya mai tocila na 'yan watanni. Kuɗin kafin alƙalami kada ya kwana a asusunka: sayi zare da shafi a ranar, ka ware cefane, ragowar ya tafi hannun yayanka ko wani dattijo da kake jin nauyinsa. Majalisar da ba ta da hira sai "wa ka ba yau?" ka sauya ta da karatun tsakanin Magariba da Isha'i a masallacin unguwa.

Idan duk da haka hannunka na ƙaiƙayi, ka sani Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zuwa can ba hauka ba ne. Ku yanke da uwargida nawa za ka riƙa biya duk Juma'a, ku rubuta a takarda, ita ta riƙe.