Kalmomin Sauyin Yanayi a Bakin Bahaushe: Darasi Daga Gidan Waya

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na 2015 ina ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, sai muka ji a rediyo cewa jama'a na ta zanga-zanga a biranen duniya, suna matsa wa shugabanni su ƙulla yarjejeniya kan sauyin yanayi. Wani dattijo manomi da ke zaune kusa da ni ya ce, "Ɗana, ai yanayi kullum sauyawa yake. Damina ta wuce, kaka ta zo, ga hunturu. Mene ne na zanga-zanga?" Na rasa amsar da zan ba shi. Wannan 'yar takarda ƙoƙari ne na biyan bashin Baba.

2.0 Tarihin Matsin Lambar

An fara da yarjejeniyar Riyo a 1992, sai ta Kiyoto a 1997. A taron Kwapanhegan na 2009 dubban mutane sun yi maci, amma aka tashi ba tare da wata doka mai ɗaure kowa ba. A Satumba 2014 fiye da mutum 300,000 suka cika titunan birnin Niyok. Daga bisani, a ranar 12 ga Disamba 2015, aka cim ma Yarjejeniyar Paris, wadda ta nemi kada ƙarin zafin duniya ya kai digiri 2, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5.

3.0 Kalmomi Huɗu

Yanayi: Turanci ya bambanta halin da gari ya wayi da shi yau, da halin da wuri ya saba da shi na shekaru aru-aru. Hausa kuwa kalma ɗaya take amfani da ita. Nan Baba ya ruɗe. Da na ce masa "rikicewar lokutan ruwa da zafi daga yadda kakanni suka san su", da ya ba ni misalai da kansa.

Gurɓatacciyar iska: Mai sauraro zai zaci wari ko baƙin hayaƙi. Alhali iskar kabon ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa daga ƙona fetur da kwal da itace, ta taru a sama ta riƙe zafi kamar bargo. A ganina "iska mai riƙe zafi" ta fi dacewa. Da ita za a fahimtar da mai yin gawayi amfanin bishiyoyin dajin Nimbiya, domin suna zuƙe wannan iska.

Yarjejeniya: Daga "yarda" take, a bisa tsarin turereniya da rigegeniya, wato aikin da ake yi wa juna. Ginin kalmar ya nuna kowane ɓangare na da nauyi a kansa. A 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, amma an ce sai a 2022 kuɗin suka cika. Amurka kuwa ta fice a 2020, ta dawo a 2021, ta sake sanar da ficewa a 2025.

Rattaba hannu: Ba ɗaya yake da tabbatarwa ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a Satumba 2016, Nijeriya ta tabbatar a 2017, sannan aka yi dokar sauyin yanayi ta ƙasa a 2021. Mai fassarar da ya kira matakan uku da suna ɗaya ya ɓatar da mai sauraro.

4.0 Kammalawa

A kasuwannin Kafanchan da kewaye, da Hausa Bajju da Atyap da Fulani ke ciniki. Da ita manomi da makiyayi za su tattauna batun ruwa da ciyawa, kuma da ita za su tambayi wakilansu ina aka kwana kan alkawuran Paris. Wanda bai fahimci magana ba, ba zai matsa wa kowa lamba a kanta ba. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk kalmar da muka ƙirƙira mu fara gwada ta a kan manomi kafin mu kai ta takarda. In ya gane, ta yi. In bai gane ba, mu koma mu sake lale.