Addu'ar Asuba da Zagin Hantsi

Wata uwa daga Moriki, a ƙaramar hukumar Zurmi, ta aiko da tambaya: ɗanta ya fara kangarewa, ya daina zuwa makarantar allo, ga yawo da samarin da hankalinta bai kwanta da su ba. Wace addu'a za ta riƙe?

'Yar'uwa, addu'o'in ba ɓoyayyu ba ne, ba sai kin kai wa kowa kuɗin aiki ba. Ki sa malamar Islamiyyarku ta biya miki aya ta 74 a Suratul Furƙan, da ta 15 a Suratul Ahƙaf, da ta 40 a Suratu Ibrahim, inda Annabi Ibrahim (AS) ya roƙa wa kansa da zuriyarsa tsai da salla. Ki lazimce su bayan farilla da sulusin dare na ƙarshe, ki kuma kama sunan yaron. Ko ɗan fari ne, a gaban Ubangiji ba a alkunya.

Sai dai inda iyaye suka fi zubar da abin da suka tara shi ne bakinsu. Uwa ta yi kuka da asuba tana nema wa ɗanta shiriya, kafin rana ta take ta ce masa "tsinanne", ta ce "ba za ka gama lafiya ba". A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mugun baki, don kada ya dace da sa'ar karɓa. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun kawo addu'ar mahaifi cikin uku da ba a shakkar amsa su. Idan ranki ya ɓaci, ki ce "Allah ya shirye ka", ko da ƙarfi ne, ko kina huci. Ranar da ya kyauta kuwa, ki sa masa albarka kunnensa na ji.

Akwai kuma maganar da ba a so a taɓo. Tsakanin Ƙaura Namoda, Zurmi da Shinkafi, gonaki da yawa sun gagari masu su saboda 'yan bindiga, kuma saurayin da ke zaman banza shi ake fara lallaɓa da 'yan kuɗi ya kai labari ko fetur daji. Duk kuɗin da ɗanki ya shigo da su, ki tambayi asalinsu kafin su shiga tukunya. Hadisin Abu Huraira a Muslim ya nuna cin haram na tare addu'a, ko da mutum ya ɗaga hannuwansa sama.

Ki zauna da mahaifinsa ko kawunsa a wannan makon. A mayar da yaron wurin malaminsa, a haɗa shi da mai sana'a, ɗinki ne ko gyaran babur. In kin ga alamar ƙwaya, a kai shi asibiti, kada kunyar maƙwabta ta sa a ɓoye.